Jinjina ga Sarkin Jitar Dugabau

A cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kabo, daga Garo zuwa Gude, daga Durun zuwa Masanawa, Dugabau kaɗai Allah Ya keɓe da irin baiwar da akan yi ƙarni ba a ga kamarta ba. Wasu garuruwan suna tinƙaho da manyan manoma, wasu da mahaddata, wasu da fatake. Mu kuwa muna da Sarkin Jita. Toron giwa mai jan waya, hadarin kaka mai cika gari da rugugi, gagara-koyo ɗan gagara-gyara, bango madafar dillalai, namijin duniyar da ya sauya wa jitarsa fikof har sau huɗu, alhali bai taɓa ƙasƙantar da ita da kaɗa waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ranka ya daɗe, Allah Ya ja zamaninka.

Ga wanda bai sani ba, tunda rashin sani ya fi dare duhu, fikof wata 'yar na'ura ce da ke kwance a jikin jitar lantarki, daidai ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi wajen 8,000 a irin wanda kamfanin Fender ya saba yi. Idan aka taɓa tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a gaban maganaɗisun, sai wata 'yar wuta mai rauni ta taso a cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya, can a ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Ɗan aike ne tsakanin yatsa da kunne. Yana iya kaurara murya ko ya sirantar da ita, amma ba ya ƙago abin da yatsa bai faɗa ba. Ƙananan mutane sun ɗauki wannan a matsayin dalilin horar da yatsa. Sarkin Jita kuwa, da zurfin tunanin da Allah Ya hore masa, ya gano cewa idan saƙo bai yi daɗi ba, ɗan aiken ake canzawa.

Abin ya faro ne daga ci-rani. Wata shekara bayan an ɗauke amfanin gona ya tafi Legas tare da sa'o'insa. Da ruwa ya kusa sauka suka dawo, wani da kuɗin taki, wani da keken ɗinki, wani da babur na hannu. Shi ya dawo da jar jita ƙirar Sin mai siffar Stratocaster, rataye a kafaɗa, yara na bin sa yuu tun daga bakin titi. Ranar da aka fara jona ta a shagon mai cajin waya, sautin da ya fito bai yi kama da wanda yake ji a bidiyon wayarsa ba, ko kusa. A irin wannan wuri ake gane bambancin maza. Raggo sai ya dubi yatsunsa. Sarkin Jita ya dubi jitar, ya girgiza kai, ya yanke hukuncin da har yau Dugabau ke cin moriyarsa: laifin fikof ne.

Daga ranar ya duƙufa neman ilimi, kuma ya samu. Ku zo teburin mai shayi bayan isha'i ku sha karatu. Zai gaya muku cewa wani Ba'amurke, George Beauchamp, shi ya haɗa fikof na farko da ya yi aiki sosai a 1931, aka sa shi a jitar da ta shiga kasuwa da sunan Rickenbacker. Zai gangaro kan Leo Fender, wanda ya fito da Stratocaster a 1954 da fikof uku masu naɗi ɗai-ɗai, masu siririyar murya mai kaifi. Zai kurɓi shayi, ya gyara zama, ya shiga babin Seth Lover na kamfanin Gibson, wanda a 1955 ya jera naɗi biyu gefe da gefe, kowanne na juya wa ɗan'uwansa baya, don gunjin da wannan ya kwaso daga wayoyin lantarki wancan ya kashe shi, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Ya san Larry DiMarzio ne ya buɗe kasuwar fikof na canji a 1972. Ya san Seymour Duncan ya kafa nasa kamfanin a Kalifoniya a 1976. Ya san maganaɗisun alniko haɗin alminiyom ne da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, mai lamba 2 ya fi taushi, mai lamba 5 ya fi ƙarfi, na siramik kuma ya fi su cizo. Duk da ka, babu takarda. Kogin sani, rumbun tarihi, malamin da ba ya buɗe littafi! Abu ɗaya kawai ba a tambayarsa, wato inda ake ɗora yatsa a wuyan jita, domin wannan ƙaramin ilimi ne, na masu kaɗawa.

Kuma yana da hujja wadda ba mai iya turewa. Leo Fender kansa, uban wannan sana'a, bai iya kaɗa jita ba. Gaskiya ce sananniya. To ga magajinsa a Dugabau. Bambancin kawai shi ne Fender ƙerawa ya yi, Sarkinmu saye yake yi, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Gari ya san wanda ake cewa ranka ya daɗe tsakanin mai ƙira da mai saye.

Canjin farko gunji ya jawo shi. Wutar Najeriya tana kai da komo sau 50 a kowane sakan, fikof mai naɗi ɗaya kuwa kunne gare shi, duk wani ƙugi na waya da janareta sai ya kwaso, balle a ɗakin da ba a binne wayar ƙasa ba. Sai Sarki ya aika aka kawo mai naɗi biyu. Da ya iso aka ga ramin da ke jikin jitar ya yi masa kaɗan. Wani da ya tsorata. Shi kuwa ya kira kafinta, aka sa cizal, aka ƙarasa da gizago, mai gyaran rediyo ya gasa ƙarfen liƙi a garwashi ya narka dalma, aka haɗa. Makaɗin jita Eddie Van Halen ma haka ya yi a shekarun 1970, ya sassaƙe jikin jita ya cusa mata fikof ɗin Gibson. Mahassada sukan ƙara da cewa Van Halen ya ƙare ƙuruciyarsa kulle a ɗaki yana gwaji dare da rana, amma Sarki mutum ne mai zaɓi, ya ɗauki cizal daga tarihin mutumin ya bar masa wahalar.

Aiki ya yi kyau. Gunji ya ɗauke ɗif, sai ga kiɗan Sarki ya fito fili, kowane taku ana jin sa tsaf. Mutane suka yi shiru. Nan take ya gane illar wannan fikof ɗin: tsegumi gare shi, ba ya rufa asirin ubangidansa. Aka aika a kawo mai yawan naɗi, mai zafi, wanda ke cika amfilifaya har murya ta dishe, yadda ba mai iya bambance daidai da kuskure. Wannan ya kusa dacewa da martabarsa, har ya sauya maɓallan murɗa sauti daga mai lamba 250 zuwa mai 500 kamar yadda masana suka tsara. Sai dai kaifin ya tafi, domin yawan naɗi yana cinye siririyar murya. Na uku ya zo daga wata kasuwar intanet a cikin kwali mai ƙyalli da tambarin babban kamfani, a kan farashin da ya sa mai gyaran rediyo ya ɗora mita a kai ya ce, "Yallaɓai, wannan da wanda muka cire uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." Sarki ya yi murmushin manya, ya fahimtar da shi cewa mita tana auna tsayin waya ne da kaurinta, ba ta auna daɗi. Na huɗu shi ne mai cin batir ɗin bolt 9, irin wanda kamfanin EMG ya shahara da shi. Batirin ba a sayar da shi a tireda, sai an hau mota an bi titin Gwarzo ta Rimin Gado an shiga Kano. Ashe ga jita da ke ciyar da direba da kwandasta da mai shago ba tare da ta yi ƙara ba. Wane gurmi ya taɓa raya tattalin arziki haka?

Dubi kuma zamanin da ya zaɓa ya yi wannan jihadi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500. A lokacin fikof ɗaya na ƙwarai yana kaiwa dala 100, wato sama da naira 150,000 tun kafin a yi maganar dako. Matsorata suka ɗaure bakin aljihu. Sarkin Jita, sadauki sha gwagwarmaya, ya buɗe rumbu tun da kaka, lokacin da masara ba ta da daraja, ya auna ya sayar. Da rumbu ya yi ƙasa, tinkiyar uwargida ta ba da gudunmawa. Gona kuma ta haƙura da taki shekara biyu, ta nuna halin dattako. A watan Oktoban 2024, sa'ad da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa suka yi fiye da mako a duhu, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna zugum, shi a makon ya biya kuɗin caji a shagon mai sola don ya duba sabbin samfura. Jitar lantarki a garin da lantarki baƙo ne, wannan ai tawakkali ne da ya kamata a riƙa koyar da shi.

Ba a rasa mahassada, domin itace mai 'ya'ya ake jifa. Suna cewa wai ya fara sauya tsirkiyoyin da suka yi tsatsa tun Legas. Wai ya koyi ɗaure su daidai da juna kafin ya kaɗa. Wai hunturu ya busar da katakon, wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da shi, kuma ƙaramin sifana ya isa gyara wannan. Wai fikof ɗin farko ma da an ɗaga shi ko an sauke shi kaɗan da sukundireba, da murya ta sauya ba a kashe ko sisi ba. Wai lasifikar da yake jonawa, wadda ya saya hannun mai tallar maganin basir, ko fikof ɗin zinariya aka ba ta abin da ta saba faɗa za ta faɗa. Mafi munin ƙazafinsu shi ne wai ya riƙa zama awa guda kullum yana gwaji. Ku duba duk shawarwarin nan da kyau, za ku ga aibi ɗaya ya haɗa su: arha. Wasu ma kyauta ne. Yaya za a ce wa basarake ya nemi abin da ba a saye? Gwaji ba ya zuwa a kwali, ba a yanke masa leda a gaban jama'a, ba a ɗaukarsa hoto. Kanta ce kawai yake fitarwa a kan yatsa, kuma yatsun Sarki, tubarkalla, har yau sumul suke.

Da suka rasa hujja a gida sai suka tsallaka Nijar. Suna kawo labarin Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen jihar Tawa da duniya ta sani da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara har suka kai kunnen Amurkawa, ga shi yanzu yana zaga Turai da Amurka da jita a hannun hagu. Suna kawo Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta Mali, wanda ya fara da gwangwani da sanda da wayar keke, ƙungiyarsa ta ci kyautar Grammy a 2012. Suna kawo Bombino na Agadas, ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takarar wannan kyauta, a bikin 2019. To sai me? Waɗannan bayin Allah abin tausayi ne. Talauci ya hana su abin canzawa, dole ta sa suka iya. Da Allah Ya ba su rumbun masara da tinkiyar uwargida, da su ma sun huta.

Na gida kuwa, gara a yi shiru. Marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos ya yi zamaninsa har ya koma ga Allah a 2015 da kuntigi, gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya tal. Shekara da shekaru yana cika fili, yana shiga rediyo, yana ƙetare teku, bai taɓa tunanin ƙara ta biyu ba. Ina ci gaba a nan? Haruna Uji ya tsufa a kan gurmi, ɓarin duma da sanda. Garba Supa da Hassan Wayam suka ƙare a kan kukuma, izgar doki tana gogar izgar doki. Mamman Shata har digirin girmamawa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988, alhali kalangun da ke bayansa bai san maganaɗisu ba. Mutane ne da ba su da buri. Sun sami abu ɗaya sun manne masa har ya zama bakinsu.

Irinsu akwai saura ɗaya a unguwar Sarki, gida uku tsakani. Tsoho ne, ido ya fara dushewa, a da babu bikin da ake yi daga nan har Getso ba a aiko masa da goro ba. Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyano ya shiga situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya riƙa danna maɓalli kalangu da algaita da goge su fito daga akwati, goron ya fara raguwa. Da masu DJ suka zo da manyan lasifiku a bayan a-kori-kura, ya ɗauke gaba ɗaya. 'Ya'yansa suna acaɓa. Wata rana da la'asar ya tarar da Sarki a ƙofar gida yana goge jita da ƙyalle, ya ce, "Ɗana, miƙo in ji."

Sarki mai karamci ne, ya miƙa. Tsohon bai taɓa riƙe jita ba. Ya kara kunne, ya murɗa nan, ya sassauta can, ya yi ta lalube da yatsa har ya gano mazaunin muryoyin. Kafin a kira magariba sai ga wani taken noma yana fitowa daga busasshen katako, a hankali, babu waya babu batir. Yara suka bar ƙwallo. Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure ta tsaya riƙe da tsintsiya. Wani ƙaramin mutum da ya ji kunya a nan. Sarkin Jita kuwa, dutsen da ba ya jin rarrashi, ya karɓi abarsa cikin ladabi ya ce, "Baba, ai ba a jone take ba. Wannan ba sautinta ba ne."

Tsohon ya ce, "To ɗana, ka riƙa zuwa da yamma in nuna maka abin da na sani. Kunne ɗaya ne, ko kukuma ko wannan taka."

Ya ce, "In sha Allahu, Baba. Bari kayan su iso."

Kaya sun iso sau biyu tun daga ranar. Kukumar tsohon tana rataye a ƙusa, fatar ta tsage, asu ya ci izgar. Akwai wayar salula a aljihun kowane saurayi a unguwar, kowace tana iya naɗar murya na awoyi, amma babu wanda ya takura wa dattijon da cewa ya kaɗa a ɗauka. Wannan ita ce tarbiyya. Take ɗari da ke kansa, na noma da na maƙera da na mahauta da na 'yan dambe, da kirarin gidajen da suka kafa garin, duk an bar masa abinsa ya tafi da shi cikin mutunci, ba wanda zai gurɓata su da koyo. Al'ummar da ta san darajar gado haka take yi, ta ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa.

Kada kuma wani ya zaci Sarkin Jita tsiro ne da ya fito babu iri. Ɗan halak ne, ya gaji iyayen ƙasa. A wace jiha ce ba a taɓa jera taraktoci an yanke ƙyalle an yi tafi ba, sannan damina biyu ta same su a kan duwatsu don babu bakanike babu kayan gyara? Wa bai ga kwamfutoci a lulluɓe cikin leda a makarantar da ba ta da wuta ba ta da malamin kwamfuta ba? Wa bai ji labarin na'urar asibiti ta miliyoyi da ke kulle a ɗaki tana jiran wanda ya iya kunna ta ba? Manyanmu sun daɗe da gano cewa horar da mutum aiki ne mai cin rai, ba ya ɗaukar fenti, ba a ƙaddamar da shi, kuma babu kamasho a cikinsa. Abin da suke yi da baitulmali, shi Sarki da masararsa yake yi, ba ya taɓa kuɗin kowa sai na iyalinsa. Idan ana maganar cancanta, kujerar kansila ta yi masa kaɗan.

Saboda haka muna kira ga masu faɗa a ji, daga Kabo har Gwarzo, a tabbatar masa da rawani tun yana da ƙarfin ɗauka. A tara jama'a, a kafa rumfa, a zo da jitar a ɗora a kan kilishi inda kowa zai gan ta, a hayo DJ ya yi kiɗa. Gaba salamun baya salamun, mai jita ba ka kaɗawa, mai fikof huɗu da kwali huɗu, zakaran da ya fi ƙarfin cara, ka gama lafiya!

Kuma albishirinku, na biyar yana hanya. Tsirkiya ɗaya ta tsinke tun babbar Sallah, saura biyar a jikin jitar, ba a kuwa sauya ta ba domin kuɗinta bai kai a tashi mutum zuwa Kano ba. Sabon fikof ɗin na jita mai tsirkiya bakwai ne, Sarki ya zaɓe shi don ya fi sauran tsada. An gwada da igiya an ga ramin ya sake yin kaɗan, an riga an aika wa kafinta ya wasa gizago, an kuma fara yi wa ɗan maraƙin gidan kuɗi.